Yadda na haɗa kiɗan hawus da kalangu har ya shiga kasuwa, mataki bayan mataki

Mu da muka taso a situdiyon waƙar fim da ta biki da ta siyasa, tsarin aikinmu sananne ne: mawaƙi ya zo da baitocinsa, mai fiyano ya nemo masa kari, 'yan amshi su ɗora, a tace murya, a tura masa ta waya kafin dare. Kiɗan rawa na na'ura, musamman reshensa da ake kira hawus, ba a gina shi haka, kuma wanda ya shige shi da wancan tunanin zai yi ta cin karo da bango. Na bi hanyar tun daga buɗe manhaja har zuwa shigowar kuɗin farko, kuma abin da na lura shi ne kusan duk ƙa'idar da aka gindaya mini tana da tushe a tarihin kiɗan. Idan ka san tushen, ƙa'idar ba za ta ba ka wahala ba. Shi ya sa zan riƙa kawo tarihin a daidai wurin da ya taɓa aikin.

Farko dai kayan aiki. Na yi amfani da FL Studio, manhajar kamfanin Image-Line na ƙasar Beljiyam, wadda yawancin furodusoshinmu suka saba da ita. Tana da matakai, kuma mafi arha ba ya naɗar murya kai tsaye, don haka wanda zai ɗauki makaɗi ko mawaƙi sai ya hau na gaba da shi, wanda kuɗinsa ya kusa dala 200. Sau ɗaya ake biya, sabuntawa kyauta ce har abada. Ta gwaji tana barinka ka yi aiki ka adana, amma ba za ka sake buɗe abin da ka adana ba sai ka saya. A lokacin da na saya katin naira ba ya biyan dala a intanet, sai da na nemi katin dala. Bayan manhaja akwai akwatin shigar da sauti mai ƙofa biyu, makirufo, abin kunne mai rufe kunne gaba ɗaya, da sifikun situdiyo. Wanda bai da inbata ko batirin da zai riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta, ya kunna adanawa ta kai-da-kai kowane minti biyar kafin ya taɓa komai.

Abu na farko da za ka saita shi ne gudun kiɗa. Hawus yana zama tsakanin bugu 120 zuwa 128 a minti, tekno ya fi shi sauri, amapiano na Afirka ta Kudu kuma yana can ƙasa wajen 112. Na tsaya a 124. Wannan ba son zuciya ba ne. Injin juya faifai na Technics SL-1200 MK2 da ya fito a 1979, wanda ya zama abin aikin kowane DJ, yana ƙara gudu ko ya rage da kashi 8 cikin ɗari kawai, don haka waƙoƙin da za a haɗa a dare ɗaya dole gudunsu ya kusanci juna. Injinan yau sun fi haka sassauci, amma al'adar ta zauna. Ƙashin bayan kiɗan kuwa mai sauƙi ne: bugu huɗu su ne gaɓa ɗaya, an raba gaɓar gida 16. Babbar ganga, wadda muke kira kik, tana sauka a gida na 1 da 5 da 9 da 13. Tafi yana sauka a na 5 da 13. Buɗaɗɗen kuge yana shiga tsakanin kik da kik, wato gida na 3 da 7 da 11 da 15. Wannan tsari gadon disko ne, kuma tun a 1977 Giorgio Moroder da Donna Summer suka nuna a Munich cewa ana iya ɗora shi kan na'ura kusan zalla ba tare da tarin makaɗa ba.

Sai zaɓen sauti, kuma a nan ne za ka yi ta ganin lambobi uku a sunayen fayiloli: 808 da 909 da 303. Injina ne na kamfanin Roland na Japan. TR-808, injin ganga, ya fito a 1980, TB-303, injin bes, a 1981, TR-909, shi ma injin ganga, a 1983. An yi su ne don mawaƙin da ba shi da mai ganga ko mai bes, wato sautin ƙasa mai kauri, amma sautinsu bai yi kama da na gaske ba, kasuwarsu ta faɗi, aka daina ƙera su cikin 'yan shekaru. Da suka koma shagunan kayan gwanjo da arha, sai matasa baƙar fata na Chicago da Detroit suka kwashe su. A Detroit, Juan Atkins da Derrick May da Kevin Saunderson, waɗanda suka yi makaranta tare a Belleville, suka haɗa su da abin da suke ji na ƙungiyar Kraftwerk ta Jamus da kiɗan fank na gida, tekno ya fito. A Chicago, ƙungiyar Phuture ta murɗa maɓallan 303 ta hanyar da masu ƙera shi ba su nufa ba, a 1987 aka samu reshen da ake kira asid. Ma'anar wannan a aikace: kik na 909 gajere ne mai naushi, shi ne na hawus da tekno. Na 808 dogo ne mai jan wutsiya a ƙasa, idan ka sa shi sau huɗu a gaɓa tare da bes, ƙasan kiɗan zai cakuɗe. Na ɗauki 909.

Matakin da ya fi ruɗa ni shi ne jeranta kiɗan, domin kunnena ya saba da waƙa ta fara da abin da zai kama mai saurare nan take. A hawus, gaɓa 32 na farko ganguna ne kusan zalla, kuma a gudun 124 wannan ya ɗan haura minti ɗaya. Haka ma gaɓa 32 na ƙarshe. Dalili shi ne ba don mai saurare a waya aka yi su ba, don DJ aka yi su: a nan yake ɗora waƙarka kan wadda ke ƙarewa, idan akwai fiyano ko murya a wurin, karin waƙoƙin biyu zai yi karo. Tushen abin yana New York a tsakiyar shekarun 1970, inda Tom Moulton ya riƙa tsawaita waƙoƙin disko ana buga su a faifai mai faɗin inci 12. Frankie Knuckles ya tafi Chicago a 1977 ya zama DJ na gidan rawa na Warehouse, da disko ya fita daga kasuwar Amurka sabbin faifai suka yi ƙaranci, sai ya riƙa yanka tsofaffin waƙoƙi a zaren naɗar sauti yana maimaita wuraren ganguna, daga baya ya sa injin ganga a ƙarƙashinsu. Tsarin da na bi shi ne: shimfiɗa gaɓa 32, shigowar bes gaɓa 32, babban kari gaɓa 32, sassauci gaɓa 16 ba kik, dawowa gaɓa 48, fita gaɓa 32. Jimla 192, minti shida da 'yan sakanni. Duk wani canji, ko ƙara kuge ne ko cire tafi, ya faɗa kan gaɓa ta 8 ko 16 ko 32. DJ ƙirgawa yake yi, idan ka saka sassauci mai gaɓa 12 ka ɓata masa lissafi, kuma ba zai sake kunna ka ba.

Daga nan tambayar da ke zuwa wa kowane ɗan Arewa ta zo: me zai hana in yanko muryar Shata in ɗora? Kiɗan nan da yanke-yanke ya girma, gaskiya ne, amma tarihin cike yake da rigima da cin haƙƙi. Wani ɗan guntun ganga na sakan shida ko bakwai daga faifan ƙungiyar The Winstons na 1969 shi ne ya zama tushen rassan kiɗan rawa na jangul da diram-an-bes a Ingila, an yi amfani da shi a dubban waƙoƙi, mai gangar Gregory Coleman ya rasu bai ci komai daga ciki ba. A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, waƙa tana da kariya har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, naɗaɗɗen sautin kuma yana da tasa kariyar daban ta shekara 50. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, don haka haƙƙin waƙoƙinsa yana hannun magada har 2069, kuma izini biyu za ka nema: na waƙar, da na wanda ya mallaki naɗin. Haka abin yake ga kiɗan ogan na Mamman Sani na Nijar, wanda ya naɗa a 1978 kuma Sahel Sounds ta sake fitarwa a 2013. Ka saurare shi don ka ga cewa na'ura da karin gida sun daɗe da haɗuwa a yankinmu, amma kada ka yanka. Hanya mafi sauƙi da arha ita ce ka kira makaɗi ka naɗi naka. Ni kalangu na zaɓa, saboda yana hawa da sauka kamar murya idan makaɗi ya matse shi a hammata, kuma wannan lanƙwasar tana yin aikin da 303 ke yi.

Ranar naɗi, kafin a buga komai, na naɗi shirun ɗakin na sakan 30 na duba. Wutar lantarkinmu tana gudu a 50 Hz, wato kaɗawa 50 a sakan, kuma gurnanin da wayar wuta da ba a haɗa da ƙasa ba ko janareta ke shigarwa yana zama daidai inda kik yake, tsakanin 50 da 60 Hz. Idan ya shiga, cire shi daga baya yana cin jikin sautin. Mun kashe janareta muka koma batir, muka zare cajar kwamfuta, muka kashe fanka, gurnanin ya tafi. Zafi ya dame mu, amma babu yadda za a yi. Makirufo yana nesa da fatar kamar taƙi ɗaya, ɗan karkace, a 24-bit, ƙololuwar sauti ba ta wuce -12 a ma'aunin ƙara na dB ba. Matsala ta biyu ita ce kari. Yawancin kiɗanmu na kalangu a uku-uku yake tafiya, injin kuma a huɗu-huɗu. Da na sa wa makaɗin ƙaramar ƙararrawar ƙirga a kunne, sai ya cire abin kunnen ya ce, "Yaro, wannan ƙwas-ƙwas ɗin ba kiɗa ba ne, sa mini gangar taka in ji." Da na bar masa kik da tafi kawai, nan take ya samu wurin zama, yana saka uku a kan kowane bugu. Wajen gyara, ka mayar da layukan manhajar zuwa uku-uku, kuma bugun farko na kowace gaɓa kawai za ka daidaita. Idan ka ja kowane bugu zuwa kan layi, kalangun zai mutu. Kafin Baba mai kalangun ya tafi muka rubuta yarjejeniya ta shafi ɗaya da Hausa: sunansa, kuɗin zama da na biya shi a take, kason da zai samu idan kiɗan ya kawo wani abu, da izinin in yanka in maimaita abin da ya buga. Ya sa hannu, ɗansa ya zama shaida, kowa ya riƙe kwafi. Takardar nan za a tambaye ka ita sau biyu a gaba.

Miksin, wato daidaita sautukan da juna, ya fi kowane mataki cin lokaci. Kik da bes ba za su yi magana lokaci guda ba, don haka ana sa matsi a kan bes wanda kik ke tayarwa: duk saukar kik, bes ya dusashe da dB 4 zuwa 6, ya dawo kafin bugu na gaba. Wannan numfashin da ake ji a kiɗan rawa daga nan yake. Na yanke duk abin da ke ƙasa da 30 Hz, na yanke ƙasan kalangu daga wajen 100 Hz don ya bar wa kik fili, kuma duk sautin da ke ƙasa da 120 Hz na tattara shi a tsakiya, ba hagu ba dama. Wannan ma gadon faifai ne, domin bes mai faɗi yana iya fitar da allura daga layinta, kuma har yau manyan sifikun ƙasa na wuraren rawa a haɗe suke aiki, bes mai faɗi yana ɓacewa a cikinsu. Na fitar da fayil ɗin WAV, wato sauti cikakke da ba a rage ba, a 24-bit, ƙololuwa wajen -6 dB, ba tare da wani matsi a babban layi ba.

Mastarin, wato tacewar ƙarshe kafin a fitar da waƙa, na ba wani ya yi, don kunnen da ya daɗe yana jin kiɗa ɗaya ya daina jin aibinsa. Farashin da na tarar a intanet yana farawa daga dala 30 zuwa 50 a waƙa ɗaya ga masu matsakaicin suna, kuma akan jira kamar mako. Ka tambaya tun farko ko gyara nawa ne a cikin kuɗin. Ka kuma faɗa masa inda kiɗan zai je. Spotify tana daidaita ƙarfin kowace waƙa zuwa -14 a ma'aunin ƙarfin sauti na LUFS, wanda ya fi haka ƙarfi ta rage shi. Wurin rawa kuwa babu mai daidaitawa sai DJ, kuma waƙoƙin da za a haɗa ka da su suna wajen -9 zuwa -7. Na karɓi biyu: doguwa mai ƙarfi ta DJ, da gajeriya ta minti huɗu da 'yan sakanni wadda aka yanke wa shimfiɗa da fita, ƙololuwarta -1 dB, don manhajojin saurare. Kafin in amince na kai wa wani DJ na biki a filash mai tsarin FAT32, don wasu injinan ba sa karanta wani tsarin. Ya haɗa ta da waƙoƙi uku a sifikunsa tun kafin baƙi su zo. A nan na ji cewa saman kalangun, wajen 3,000 Hz, yana soka kunne idan an ƙure ƙara, abin da sifikun ɗaki ba su nuna ba. Gyaran da ke cikin kuɗin mastarin a nan ya yi amfani.

Sai takardu. Haƙƙin mallaka naka ne tun ranar da ka naɗa, rajista ba sharaɗi ba ce, amma takardar Hukumar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya hujja ce idan rigima ta taso. A shafinta na intanet ake yi: ka buɗe asusu, ka cike fom da sunan aikin da shekarar da aka yi shi da sunayen masu shi, ka ɗora kwafi, ka biya ta Remita, ka adana rasit, ka jira satifiket. Jiran yana ɗaukar makonni, don haka kada ka ɗaura ranar fitarwa a kansa. Wannan daban yake da shiga ƙungiyar da ke karɓar kuɗi idan an kunna kiɗanka a rediyo ko otal. A Najeriya MCSN ce, a Nijar BNDA, a Gana GHAMRO. A fom ɗin bayyana aiki za ka rubuta kason kowa, jimla ta cika ɗari, kuma nan ne wuri na farko da takardar Baba ta yi aiki.

Spotify da Apple Music ba sa karɓar waƙa daga hannunka, sai ta kamfanin rarrabawa. Iri biyu ne: masu karɓar kuɗin shekara, dala 20 da 'yan kai, su bar maka duk abin da ya shigo, da masu karɓar wajen dala 10 sau ɗaya a waƙa su riƙa cire kaso. Na farko yana da tarko, domin a wasunsu idan ka daina biya ana sauke waƙoƙinka. Mai fitar da waƙa ɗaya ko biyu a shekara, na biyu ya fi masa. Za a nemi WAV, da hoton bango mai murabba'i 3000 sau 3000, da sunanka na gaskiya a matsayin marubuci, ba sunan sana'a ba. Su za su ba ka lambar ISRC mai harafi 12 da ake gane naɗinka da ita, kuma doguwa da gajeriya kowace da tata. Kamfanin da na bi ya tsayar da nawa ya aiko saƙo yana neman shaidar cewa kalangun ba daga wani faifai na yanko ba. Raina ya ɓaci, ganin ranar da na sa tana matsowa, amma da na tura hoton yarjejeniyar da fassararta da ɗanyen naɗin, aka sake shi. Sauran abubuwan da ke sa a dawo da aiki: adireshin intanet ko lambar waya ko tambarin wani kamfani a jikin hoto, da rubutun hoto da ya saɓa da sunan da ka cike. Ka kuma bincika sunanka na sana'a kafin ka cike, idan akwai mai irinsa waƙarka tana iya faɗawa shafinsa. Game da haruffa masu ƙugiya, ka tuna yawancin masu nema a waya ba sa rubuta su, sunan da babu su a ciki ya fi sauƙin samu.

Akwatin zaɓen nau'in kiɗa ma ba wasa ba ne. Tun da hawus ya tsallaka Ingila a ƙarshen shekarun 1980, har gwamnati ta yi dokar 1994 da ta ambaci kiɗa mai maimaita bugu don hana tarukan fili, kuma tekno ya samu gida a Berlin bayan faɗuwar katanga a 1989, rassa suka yi ta fita, kowane da masu sayensa. A Beatport, kasuwar da DJ-DJ ke sayen waƙa tun 2004, rukuni-rukuni ake dubawa. Na sa nawa a Afro hawus, reshen da Afirka ta Kudu ta raina kuma DJ ɗinta Black Coffee ya kai shi har lambar Grammy a 2022. Ba kowane kamfanin rarrabawa ke kai wa Beatport ba, wasu sai da ƙarin kuɗi, ka duba kafin ka biya. Idan kuma ka yi amfani da guntayen kiɗa na saye waɗanda kowa ke iya saye, kada ka kunna tsarin gane sauti na YouTube, domin zai riƙa kama waƙoƙin wasu da sunanka.

Na sa ranar fitarwa mako huɗu gaba, ranar Juma'a, wadda ita ce ranar fitar da sabbin waƙoƙi a duniya tun 2015. Spotify tana so a gabatar wa masu zaɓenta waƙa aƙalla kwana 7 kafin ta fito, kuma sabon mai fitarwa sai ya fara karɓar shafinsa, wanda shi ma yana cin kwanaki. A cikin jiran na cike fom ɗin haraji na Amurka, W-8BEN. Najeriya ba ta da yarjejeniyar haraji da Amurka, don haka ana cire kashi 30 cikin ɗari na abin da ya fito daga can. Ba kuskure ba ne idan ka gani.

Kuɗi ba ya zuwa da wuri. Rahoton watan farko sai bayan wata biyu zuwa uku yake bayyana, kuma tun 2024 Spotify ba ta biyan waƙar da ba ta kai saurare 1,000 cikin wata 12 ba. Sauraren da aka yi a Najeriya kuma bai kai na Turai daraja ba, don kuɗin rajistar wata a nan kaɗan ne. A nawa rahoton, 'yan kwafin doguwar da DJ-DJ suka saya sun fi dubban saurare kawo kuɗi, shi ya sa nake ganin wanda ya tsallake doguwar don ya huta ya jefar da rabin kasuwarsa. Wajen cirewa, kowane kamfani yana da mafi ƙarancin abin da zai tura da kuma cajinsa, ta Payoneer ko asusun dala na banki, kuma sunan asusun dole ya yi daidai da na fom ɗin haraji harafi da harafi. Ka bari ya taru kafin ka cire, ka fitar da kason makaɗi daga abin da ya rage bayan haraji da caji kamar yadda kuka rubuta, ka ba shi tare da kwafin rahoton, ya sa hannu a bayan takardar da kwanan wata.